Ranar da Na Kira Sunan Ɗan Farina

Yanzu in na zauna a tsakar gida ina kallon yaran nan da suka haihu jiya-jiya, sai in riƙe baki. Yarinya za ta ɗaga ɗanta na fari sama a gaban surukarta, ta sumbace shi, ta kira sunansa gatsau, ta ɗauki hotonsa a waya ta aika wa duk wanda ta sani. Ko gezau ba ta yi, surukar ma dariya take yi tana cewa a turo mata. Mu tsofaffin da muka rage, in mun haɗu a gidan suna mukan ce kunya ta ƙare a duniya, ni ma nakan gyaɗa kai don kada a ce na fita daga sahu. Amma ba duka zuciyata ke tare da su ba. Akwai kunyar da nake kewa, akwai kuma wadda in na tuna abin da ta kusa jawo mini, har yau sai in gode wa Allah da ta wuce.

Ƙauyen da na yi aure yana tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙasar rairayi da gero da wake. Shekarun nan ne da aka bar fam da sule aka koma naira, fari bai daɗe da sakin mutane ba, kowa yana lallaɓa ɗan abin da ya rage masa a garke. Babu injin niƙa, babu babur, babu rediyo sai a gidan mai gari, saboda haka duk abin da ya motsa a garin kana jin sa. Tun da sassafe turame ke amsa wa juna daga wannan gida zuwa wancan, har nakan gane wadda ta makara da wadda aka ɓata wa rai daga yadda take sauke taɓarya. Kana jin maza a bakin rijiya suna jan guga, rijiya mai zurfin da in aka jefa tsakuwa sai an ja numfashi kafin a ji ta taɓa ruwa. In iska ta juyo, kukan jirgin ƙasa daga Gagarawa yakan iso mana siriri. Ran Laraba kuwa shanu da raƙuma ke wucewa ta bayan gari za su kasuwar Maigatari, a yini ana jin ihun makiyaya. Yau duk wannan ya nutse cikin ƙarar babura da janareta. A wancan lokaci kowane abu da muryarsa, in ban da ɗana na fari.

Sai na yi bayani saboda 'yan yanzu. A zamaninmu mace ba ta nuna ta san ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta goya shi a gaban mutane sai dole, in yana kuka ta kawar da kai har sai wata ta ce, "Ke, don Allah ba shi ya sha." Wadda ta fi kowa kawar da kai ita ake yabo, a ce 'yar gidan mutunci ce. Ni kuwa ina son yabon nan, ba zan ɓoye ba, na kuma ƙware. Nawa ma ya zo da ƙari, domin sunan mahaifin maigidana aka sa masa, gida ya koma kiransa Abba, ni ko Abban ban taɓa furtawa ba. In dole ta kama sai in ce "wancan yaron", ko in faɗa wa iska, "A kawar da shi daga bakin murhu." Da aka yaye shi ya koma ɗakin uwar mijina, wadda muke kira Inna, kamar yadda aka saba. Shekara uku da rabi muna gida ɗaya da shi, ban taɓa zaunar da shi na dube shi cikin ido na yi masa magana ba.

Inna kuwa ta ɗauki son duniya ta ɗora masa. "Maigidana," take ce masa, "yau ma ba ka kawo cefane ba, zan kai ƙararka wurin mai gari." Shi kuma ya yi murmushi ya cusa fuska cikin zanenta. Kafin ya dubi randa ta miƙo moɗa, kafin ya nuna ƙwarya ta dama fura, in wani ya tambaye shi abu ita ke amsawa. Kuma ba kurma ba ne, wannan kowa ya shaida. In Inna ta ce, "Shiga ɗaki, bayan tukunyar daddawa, ka ɗauko mini ɗan ludayin nan mai tsaga, ba babban ba," shi zai kawo, bai taɓa kuskure ba. In aka ce baƙi na tafe sai ya jawo tabarma. In aka ambaci tsohuwar akuyarmu da aka sayar, sai ya je turkenta ya tsaya. Amma baki shiru, sai "mm" da nuni da yatsa. In ya yi ta nuni ba a gane ba, ya kwanta a rairayi yana dukan ƙasa da ƙafa har ya gaji.

Ƙanwarsa ce ta tona abin. Ita ta biyu ce, babu kunya a kanta, tana bayana ina daka ina yi mata waƙa, ina tankaɗe ina yi mata surutu. Tun ba ta cika shekara biyu ba ta fara cewa "ruwa", "tuwo", "bari". Mata a bakin turmi suka ɗauka, wai ƙanwa ta riga wanta magana. Aka karɓo rubutu ya sha, aka ba shi ragowar ruwan da kanari ya sha, shiru. Sai wata ƙawar Inna ta zo daga Ɗanzomo, ta kama haɓarsa ta leƙa, ta ce, "Ai linzami ne. Harshen a ɗaure yake ta ƙasa. Ku kira wanzami ya sa aska ya tsinke shi, kwana bakwai za ku ji yana zuba." Inna ta ce to, a bari a gama shigar da gero, sanyi ya sauko, ciwo ya fi saurin kamewa. Yana tsaye a tsakaninsu suke wannan maganar, hannunsa a kan gwiwar Inna. Daga ranar duk wanda ya shigo sai an maimaita masa: wane wanzami, wace rana, wa zai danne ƙafafu, wa zai riƙe kai, da wane tsumma za a tare jini. Ana yi yana zaune yana wasa da ƙwallon goruba. Mu da muka san yana bambanta ludayi mai tsaga da marar tsaga, mu ne muka ɗauka wanda ba ya magana ba ya jin magana. Yanzu irinsa asibiti ake kai su a duba kunne a duba baki, madalla. Amma wannan kuskuren namu bai mutu ba, har gobe ina ganin iyaye suna tattauna yaro a kansa kamar buhun gero.

Ni kuwa tun da na ji an ambaci aska na tsorata. Ina yarinya a gidanmu an yi wa wani ƙanena irin wannan yankan. Ban ce wanzamin ya yi ganganci ba, ya yi wa yara da yawa sun tashi lafiya. Amma ni na wanke tsumman, ni na ga jinin ya ƙi tsayawa har la'asar, na kuma ga yadda bayan 'yan kwanaki haƙoransa suka ɗaure, bayansa ya sandare, ko ruwa ba ya wucewa. A kan hannu biyu babanmu ya kai shi makwancinsa. Wannan ne ya dawo ya zauna mini a ƙirji. Ina daka sai taɓarya ta kuɓuce, ina tuƙa tuwo sai ya yi gudaji. In na ga Inna tana ninke farin tsumma sai in zaga bayan ɗaki in yi kuka, in wanke fuska in fito. Faɗa kuwa ba dama. Uwar ɗan fari ta buɗe baki ta ce kada a taɓa mini ɗa? Ai sai a shekara ana ba da labarinta har garin iyayenta.

Sau ɗaya na gwada. Na kai wa maigidan abincin rana, na durƙusa na ƙi tashi.

"Malam, maganar wanzamin nan, ba za a ɗan saurara ba?"

Bai ɗago ba. Ya daɗe yana juya loma cikin miya, sannan ya ce, "Yaron na Inna ne. Ni da ke ba mu da baki a kai."

Shi ma ɗan farinsa ne, igiyar da ta ɗaure ni ita ta ɗaure shi.

Saura kwana uku yaron ya daina cin abinci. Inna ta kai ludayi bakinsa sai ya datse haƙora, ya sa tafin hannu ya rufe baki, haka zai yini. Inna ta ce, "Kun gani ko? Abin har ya fara hana shi ci, gara da aka sa rana." Ni ina gefe ina kallo ta wutsiyar ido, na ga yadda idanunsa ke bin duk wanda ya shigo da jaka a rataye.

Ranar da aka sa, hantsi bai gama ɗagawa ba wanzami ya yi sallama. Dattijo ne mai fara'a, ya zauna a zaure ya kwance zabirarsa, muna jin yana wasa aska. Inna ta shimfiɗa tabarma, ta ɗora ruwa a wuta, ta ce, "Ina maigidana?" Aka duba ɗakinta, babu. Aka duba ƙarƙashin rumbu, da turken awaki, da gidajen maƙwabta, babu. Ƙasarmu rairayi ce, ba ta ɓoye sawu, sai maza suka bi. Ga 'yan ƙafafunsa sun fita ta kafar danga ta bayan gida, sun miƙe sak zuwa hanyar rijiya, a can suka ɓace cikin sawun shanun da aka shayar da safe. Na ji wata ta ɗauki salati, na ji ana cewa a kawo doguwar igiya, a nemo wanda zai iya sauka. Gari ya ɗauki kira, maza da mata, Abba, Abba, muryar Inna ta fi ta kowa har ta dushe. Wata dattijuwa ta kama hannuna ta tura ni ɗaki, ta ce, "Zauna nan, ke ba a ganinki a irin wannan. Ki yi ta addu'a a zuci."

Na zauna a bakin gado, ƙanwarsa tana barci goye a bayana. Na ga rashi da yawa a rayuwata bayan wannan, amma ban taɓa jin tsoro irin na zaman nan ba. Ina jin igiya tana gogar itacen bakin rijiya, kowane ja suka yi sai in ga kamar shi suke jawowa. A nan ne hannun nan da yake rufe baki da shi ya faɗo mini a rai. Yaron nan ya ji. Komai ya ji, tun ranar farko. Ya san abin da ke cikin zabira, ya san wa zai danne ƙafa, wa zai riƙe kai. In kuwa yana raye a ɓoye, to duk masu kiran nan su ne ya ji suna shirya masa aska, ba zai fito musu ba ko za su yini suna kira. Murya ɗaya ce a gidan bai taɓa jin ta sa baki a maganar ba, ita ce kuma bai taɓa jin ta kira shi ba.

Ban san sanda na miƙe ba. Ko mayafi ban ɗauka ba, na fita ta kafar dangar da ya bi. Ban nufi rijiya ba, zuciyata ba za ta iya ba, na ratse cikin gonakin da aka girbe. Na buɗe baki na kira sunan da ban taɓa furtawa ba. Da ya fito kuwa ya fito da ƙarfin da ni kaina na firgita. Masu kira suka yi tsit, aka juyo ana kallona.

"Abba! Abba, ni ce! Kana ji na? Babu aska! Babu wanda zai taɓa bakinka!"

Ina tafe ina maimaitawa, ƙaya tana shiga ƙafata ban ji ba. A gefen wata gona akwai gawo da aka jingine karan gero a jikinsa, irin tarin nan mai rami a ciki da macizai ke son kwanciya. Maza sun wuce shi sau biyu suna kira. Ina zuwa daidai wurin na ji kara ya motsa. Na durƙusa na leƙa. Yana can ciki a takure, tafinsa a kan baki. Ban miƙa hannu na fizgo shi ba. Na zauna a ƙasa na yi masa magana yadda ake yi wa babba. Na ce, "Na san ka ji abin da aka ce. Na san tsoro kake ji, ni ma tsoro nake ji. Na ce babu, kuma babu. Wanda zai yanka ka sai ya fara yanka ni." Ya daɗe yana kallona, kallon mai auna ko za a yarda da baƙo. Sannan ya rarrafo.

Na kwance ƙanwar na miƙa wa wata cikin matan da suka biyo ni, na goya shi, na ratsa tsakiyar mutane. Ina jin ana ƙus-ƙus, "Oh ni, ɗan fari a baya da rana tsaka." A tsakar gida Inna ta tare mu tana kuka tana hamdala, ta ce, "Sauke shi, a gama tun rana ba ta yi zafi ba. Bawan Allahn nan ya daɗe yana jira."

Na durƙusa da shi a bayana. "Inna, ki gafarce ni. Ba za a yi ba."

"Me kika ce?"

"Na yi masa alkawari, Inna. Duk abin da muke faɗa yana ji, shi ya sa ya gudu. Ki ba ni lokaci."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Ashe haka idonki yake a tsaye? A kan ɗan fari? A gaban mutane?" Ta juya wajen ɗanta. Yana tsaye a bakin zaure kansa a sunkuye, da ƙyar ya ce, "Inna, a sallami wanzamin tukuna." Inna ta juyo ta ce da ni, "To. Na ba ki zuwa wata kakar. In gero ya sake shiga rumbu yaron nan bai yi magana ba, ni da kaina zan riƙe kansa." Wanzami ya naɗe zabirarsa, ya ce in an shirya a aiko.

An yi da ni, ba kaɗan ba. Labari ya kai garinmu, mahaifiyata ta aiko da faɗa, a bakin turmi in na iso sai a yi shiru. Na toshe kunne. Ban san wata dabara ba, ban taɓa zuwa asibitin Gumel ba, babu wanda ya koya mini komai. Abin da nake yi wa ƙanwarsa ba da sani ba, shi na shiga yi masa da gangan. Ina surfe yana kusa ina faɗa masa, ga gero, ga dusa, na zuba, na kwashe. In ya nuna randa sai in tsuguna daidai tsayinsa in ce, "Ruwa kake so ko fura?" In yi shiru in jira, ina ƙirga numfashi biyar a zuci. In bai ce komai ba in ba shi, in ce "ruwa". Ban taɓa hana shi abu don bai faɗa ba, ban kuma taɓa ce masa "ce kaza" ba, domin na lura da an matsa masa sai hannun ya koma baki. Ranar da ya ce "wa" ban yi guɗa ba don kada ya firgita, na ce, "I, ruwa, ga ruwa mai sanyi," na shiga ɗaki na yi kukana. Mafi wuya ita ce Inna. Jiran nan na numfashi biyar ya fi mata azumin bazara tsawo, hannunta har ƙaiƙayi yake ta miƙa moɗa. Tana fushi da ni, amma na sha kama ta ta soke hannu cikin zane tana jira. Abu ɗaya kuma na roƙa a gidan har aka gaji aka bi, kada a sake yin maganarsa a kansa kamar ba ya nan.

Ban ce shiruna ne ya ɗaure masa baki ba. 'Ya'yan fari nawa suka tashi cikin irin wannan kunyar da surutu kamar aku? Haka Allah ya yi shi, fahimta a gaba, baki a baya. Amma shirun nawa bai taimake shi da komai ba. Kalmomin suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya, guntu-guntu, "wa", "wo", "kuya". Ni Yaya yake ce mini, yadda ya ji ƙannen maigidan suna faɗa. Inna ta ce wannan ba magana ba ce, tsince-tsince ne, magana sai ya haɗa. Shi kuwa bai taɓa haɗa kalma biyu ba. Damina ta sauka, gero ya fid da kai, ya ɗauki ido, ya nuna. Bayan yunwar da aka sha kowa a garin yana godiya ga Allah, ni kaɗai ce nake duban gona gabana yana faɗuwa.

Gero ya shiga rumbu. Sai na ga Inna ta fito da farin tsumma ta wanke ta shanya a kan danga. Kwana biyu bayan haka, da hantsi, muka ji sallamar wanzami a zaure. Aski ya zo yi wa maigidan, daga baya na sani, amma a lokacin ban sani ba, yaron ma bai sani ba. Ina tsaye da taɓarya a hannu. Na dubi bayan gida, na ɗauka can zai nufa. Bai gudu ba. Ya tako a hankali, ya wuce Inna, ya zo ya kama gefen zanena da hannu biyu, ya ɗago kai ya dube ni.

"Yaya," ya ce. "Kin ce babu."

Inna ta zauna daɓas a kan rairayi. Shekara guda cur yana ɗauke da maganar nan a cikinsa, yana jiran ranar da zai iya tuna mini. Na saki taɓarya na durƙusa a gabansa.

"Na ce babu, Abba. Babu."